Yaye Biyu: Na Nono da Na Roba



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ina gaida mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Ina gaida malamanmu, Allah ya gafarta muku. Ina gaida iyayenmu mata da suka jingine taɓarya, suka rufe tukunya, suka zo. Da ungozomomi, da ma'aikatan asibiti, da 'yan'uwa na nan cikin garin Kafin Hausa, da waɗanda suka yi sammako daga Bulangu da Sarawa da Ruba da Mezan. Allah ya ba kowa ladan takunsa.

Maganar da aka ɗora mini in yi yau ita ce ta yadda za a raba yaro da robar nan ta tsotso, wadda ake liƙa masa a baki in za shi barci. Na kuwa sani sarai, cikin dattawan da ke sahun gaba ba a rasa wanda da ya ji haka ya ce a ransa, ashe duk abubuwan da suka dami ƙasar Haɗejiya, tun daga ambaliya, da kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, har zuwa jan-baki da ke sauka kan shinkafa, ba a sami abin tara jama'a a kai ba sai abin wasan jarirai? Amsar da zan ba shi ta magabata ce. Ibn Sa'ad ya kawo labari a cikin Ɗabaƙat, cewa wata rana ayarin fatake ya sauka a Madina, Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu su je su kwana gadinsu. Cikin dare ya ji kukan yaro, ya je ya yi wa uwar magana ta lallashe shi, ya komo. Kukan ya sake tashi, ya sake zuwa. Da ya je a ƙarshen dare, ransa a ɓace, sai matar, wadda ba ta san da wanda take magana ba, ta gaya masa cewa yaye take so ta yi wa ɗan tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye, aka idar da Asuba, mutane ba su iya jin karatunsa sosai ba saboda kuka, ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, an yanka rabo ga kowane abin haihuwa tun daga ranar da ya zo duniya, ya kuma aika da wannan hukunci zuwa sauran garuruwa. To, idan kukan yaro ɗaya cikin dare ya isa ya sa Amirul Muminina ya canja dokar daula, ina ganin ba mu yi asara ba in mun ba shi hantsi ɗaya.

Kafin in taɓa robar, wajibi ne in fara da yaye na asali, domin duk wanda bai fahimci na farko ba, ba zai iya na biyu ba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci muddar shayarwa a wurare uku: a Suratul Baƙara, aya ta 233, inda aka ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so ya cika shayarwa, a Suratu Luƙman, aya ta 14, da Suratul Ahƙaf, aya ta 15, inda aka haɗa ciki da yaye aka ce wata talatin, wanda daga nan ne Sahabbai suka ciro cewa mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ne. Abin da nake so ku riƙe daga ayar Baƙara shi ne, da aka zo batun yaye kafin cikar shekara biyun, sai aka gindaya sharaɗi biyu, yardar uwa da uba, da shawara tsakaninsu. Ba a bar wa uwa ita kaɗai ba, ba a kuma bar wa uba ya yanke daga zaure ya aiko ba. Sa'an nan duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san cewa, a babin raɗa'a, shan nono cikin shekara biyu da abin da ya kusance su, kamar wata ɗaya ko biyu, shi ke haramta aure. Amma idan an yaye yaro kafin nan, har ya wadatu da abinci, to abin da ya sha daga baya ba ya haramta kome. Ku dubi ma'aunin da fuƙaha'u suka ɗauka. Ba su ƙirga daga ranar da aka hana shi ba, sun ƙirga daga ranar da ya wadatu. A kan wannan ma'auni zan gina duk abin da ya rage na maganata: yaro bai yayu ba sai ya wadatu da wani abu a maimakon wanda aka karɓe masa.

Iyayenmu na da, ko da yake galibinsu ba su karanta Risala ba, sun san wannan a aikace. Idan ranar yaye ta zo, akan nemo rubutu wurin malam, a dama kunu, a yi 'yar sadaka, kaka ta zo ta goya yaro ta tafi da shi gidanta, ko ɗakinta in gida ɗaya ne. Wanda ya taɓa kwana kusa da ɗakin tsohuwa a daren yaye ya san abin da ake ciki: tana goye da shi, ta ɗaure majanyi tamau, tana kai da kawowa a tsakar gida tana jijjiga, tana kiransa maigidana in namiji ne, ko ta yi ta tsiya da kishiyarta in mace ce, ga ƙoƙon kunu a rufe da faifai a bakin gado, da ya motsa ta miƙa masa ludayi, in ya ture, ta sake saɓa shi, har barci ya sace su duka biyu wajen kiran assalatu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, ta nuna cewa a zamaninsu shekara biyu ake shayarwa, kuma sau da yawa daga yaye ne dangi ke ɗaukar yaro riƙo. A cikin wannan tsari akwai hikima babba, domin an karɓe nono amma an ba da baya, an ba da hannu, an ba da muryar da ya saba ji. Akwai kuma abin da ban yarda da shi ba, ba zan ɓoye ba ko da iyayena suna harara ta: raba yaro da nono da uwa duka a yini ɗaya nauyi biyu ne a kan ƙaramin kai, shafa maɗaci ko barkono a kan nono kuwa, don ya kama ya ji ɗaci ya gudu, koya masa ne cewa wurin da ya fi amincewa da shi a duniya yana iya yi masa ha'inci.

Mafi muni shi ne yayen fuju'a da akan yi in mace ta yi rurrutsa, bisa zaton cewa nonon mai ciki ya zama guba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Judamatu 'yar Wahbi, wanda ya nuna Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi nufin hana kusantar mai shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Likitocin yau ma sun tafi a kan cewa mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da ciki. Abin da ke kumbura ƙafafun yaro, ya mayar da gashinsa ja, shi ne a cire shi daga nono dare ɗaya a bar shi da tsinkakken koko. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, ta bayyana wannan cuta dalla-dalla a 1933, a kan yaran Accra ta ƙasar Gana da aka yaye da kunun masara zalla; mu kuwa tamowa ba baƙuwarmu ba ce, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Wannan a jihar da ake loda riɗi a manyan motoci, ake busar da kifi kwando-kwando!

To, mu zo ga baƙuwa. Robar tsotso, a siffar da muka san ta, da kanta mai taushi da faifan da ke tare leɓe, wani mai sayar da magani ne a birnin New York na Amurka, Christian Meinecke, ya yi mata rajista wajen 1900. Ta daɗe kafin ta iso mu. Ta biyo sawun bulumboti, ta fara sauka a gidajen ma'aikata a birane, yau kuwa ga ta rataye a kemis da teburan 'yan koli, har cikin kayan barka akan sako ta. Ba na zargin matan da suka karɓe ta. Malamar makaranta da za ta tsaya gaban aji, da ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, da ɗalibar jami'ar nan tamu da aka kafa a 2013, wadda ke zaune a ɗakin haya, ba uwar miji, ba kishiya, ba 'yar reno, sa'an nan ga jarrabawa gobe, wace hanya gare ta? Gidan gandu, inda hannuwa goma ke jiran ɗaukar yaro ɗaya, yana ta raguwa, robar ta shigo ne ta giɓin da hannuwan nan suka bari. Wannan shi ne asalin al'amarin, kuma wanda ya manta da shi zai yi ta yaƙi da roba a banza.

Tsotso kuwa ɗabi'a ce da Allah ya halicci jariri da ita. Masu ɗaukar hoton ciki sukan ga ɗan tayi da yatsa a baki tun bai fito ba. Yana tsotso don ya ƙoshi, yana kuma tsotso don hankalinsa ya kwanta, shi ya sa za ka ga ya ƙoshi amma bai saki ba. Saboda haka adalci ne in faɗi cewa robar tana da nata amfani: a 2005 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ba jarirai ita lokacin barci, bayan shayarwa ta kankama, domin an lura tana rage mutuwar fuju'a da kan ɗauki jariri cikin barcinsa. Amma wannan haɗari na shekarar farko ne, galibinsa ma cikin wata shida na farko. Da yaro ya wuce nan, amfanin ya ƙare, sai illolin su rage su kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, cikin matakai goma da suka shimfiɗa wa asibitocin haihuwa a 1989, hana ta suka yi ɗungum ga jariri mai shan nono. A 2018 suka sassauta, suka ce a yi wa uwa bayanin amfaninta da haɗarinta, ta zaɓa da ilmi.

Illa ta farko a kunne take. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta tashi daga bayan maƙogwaro ta shiga cikin kunne, wadda a wurin yaro gajera ce kuma a kwance take, ba ta gangara ba kamar ta babba. Yawan tsotso yana taimaka wa majina da ƙwayoyin cuta su bi ta nan su haura, sai ka ga yaro yana jan kunne, yana zazzaɓi, daga baya ruwa ya fara fita. Wani bincike da aka yi a ƙasar Finland, aka buga a 2000, ya nuna cewa da aka shawarci iyaye su taƙaita robar ga lokacin shiga barci kaɗai, ciwon kunne ya ragu ƙwarai a cikin 'ya'yansu. Ta biyu a baki take. Haƙoran farko guda 20 ne, sukan gama fitowa wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, kuma a wannan lokaci ganɗa da dasashi ɗanyu ne, suna bin siffar abin da ya daɗe a cikinsu. Yaron da ya kwana da roba, ya wuni da ita, haƙoransa na sama sukan turo gaba, har ya rufe baki a ga ƙofa tsakanin na sama da na ƙasa. In an bari kafin shekara uku, sau da yawa bakin yakan gyara kansa; in an wuce, sai gyaran ya yi wuya, shi ya sa likitocin haƙori suka sa shekara uku ta zama iyaka. Bakin da ke toshe kuma ba ya gwalan-gwalan, alhali da gwalan-gwalan ake koyon magana.

Amma illar da ta fi tsorata ni, a nan ƙasarmu ta fadama, ba ta cikin waɗanda littattafan Turawa suka fi damuwa da su. Ku tsaya ku kalli rayuwar robar nan ta yini guda. Ta faɗi daga bakin yaro kusa da kwata, inda kaji suka gama tono. Yayarsa ta ɗauka, ta goge a gefen zani, ta mayar masa. Ta sake faɗuwa a gindin turmi, ƙudaje suka taru a kanta saboda an tsoma ta cikin shayi. Uwa ta ɗauka ta lashe, wai ta wanke, ta mayar masa. Da damina, musamman shekara irin 2022, da ruwa ya ci gidaje, ya haɗa rijiya da masai, mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta, wa ke da itacen da zai tafasa roba kullum? Daga nan sai gudawa da amai, maɗiga ta faɗa, a ce haƙori ne. Wasu kuma sukan ɗaura mata zare su rataya a wuyan yaro tare da laya don kada ta ɓata, ya kwanta da ita, alhali zare a wuyan mai juye-juye cikin barci yana iya shaƙe shi. Masu tsoma ta cikin zuma su sani, zuma, duk da albarkarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ba. Sukari kuwa da ke kwana a baki shi ke cinye haƙoran gaba tun suna sababbi.

Yanzu sai tambayar da iyaye mata suka fi yi mini: da rana ya haƙura, me ya sa dare ya gagara? Dalili shi ne barcin ɗan Adam hawa-hawa ne, yakan yi nauyi, ya yi sauƙi, ya sake nauyi, kuma tsakanin wannan da wancan akwai 'yar farkawa wadda mu manya ba mu ma san mun yi ta ba, mukan gyara kwanciya mu ci gaba. Yaro ma haka yake farkawa, sau da dama a dare ɗaya. Idan ya saba barci ya ɗauke shi da abu a baki, to duk sa'ad da ya ɗan farka ya laluba bai ji shi ba, ba ya iya komawa, domin a saninsa ba a shiga barci sai ta wannan ƙofa. Kukan da yake yi ƙarfe biyun dare ba na yunwa ba ne, ba na iskoki ba ne, ba kuma rigima ce ta ganganci ba. Neman ƙofar yake yi. Wani likitan yara na Ingila, Donald Winnicott, ya yi bayani a 1953 cewa yara sukan ɗauki wani abu, tsumma ko yatsa ko makamancinsu, su sa shi ya tsaya musu a matsayin uwa sa'ad da ba ta kusa. Mu ma mun san yaron da ba ya barci sai ya damƙe gefen zanen uwarsa, ko yana murza kunnenta. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne mu koya masa wata ƙofar, tun kafin mu rufe wadda ya sani.

Farko a zaɓi lokaci. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi nasiha a cikin Tuhfatul Maududi cewa a yi yaye a hankali, da tadriji, kada a auka wa yaro da shi farat ɗaya, a kuma nemi lokacin da zafi da sanyi suka daidaita. Manoman shinkafa da ke nan sun fi ni sanin wannan: ba a cire iri daga gadonsa da tsakar rana a kai shi busasshiyar ƙasa, sai an jiƙa inda za shi, an jira rana ta yi sanyi, kuma ko an yi haka sai ya yi yaushi kwana biyu kafin ya miƙe. Kada a fara yaro yana zazzaɓi ko gudawa. Kada a fara a tsakiyar bazara, sa'ad da ƙyanda ke yawo, ɗaki ya zama tanda, babba ma barci ya gagare shi. Kada a fara a makon da aka yi masa ƙane, ko aka tashi daga gida. Fiye da kome, kada a haɗa yaye biyu a wata ɗaya. In za a cire nono, a bar masa robar tukuna. In robar za a cire, a bar masa nono.

Sa'an nan a bi tadriji, wanda shi ne sunnar Shari'a kanta, tun da giya ma ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. A fara da hana ta da rana, a ce robar ta ɗaki ce, ba ta fita tsakar gida. In ya saba, a ce ta dare ce kaɗai. In ya saba, a riƙa zare ta daga bakinsa da zarar idonsa ya fara lumshewa, domin barcin ya ƙarasa ɗaukarsa ba tare da ita ba. A cikin waɗannan makonni ne za a gina abin da zai gaje ta, kuma a riƙa yin sa iri ɗaya kowane dare, domin yaro yana samun natsuwa ne daga sanin abin da zai biyo baya: bayan Magariba a ba shi abinci mai riƙe ciki, kunun gero da aka haɗa da gyaɗa da waken suya, ko tuwo mai laushi da miyar zogale da garin busasshen kifi, a yi masa wanka, a goge masa haƙora, a shiga gidan sauro, a tofa masa addu'a a shafa, a yi masa tatsuniya guda, ko 'yar waƙar reno, hannu yana bisa bayansa. Wayar hannu ba ta cikin wannan lissafi. Wanda ya karɓe roba ya miƙa waya ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Ranar rabuwa kuwa, in yaro ya kai shekara biyu yana jin magana, a gaya masa gaskiya. Mutanen Denmark suna da wata bishiya a lambun Frederiksberg, a birnin Copenhagen, inda yara kan je da iyayensu su rataya robobinsu da hannunsu, su yi musu sallama. Ba na ce mu nemi tsamiya mu yi haka ba, amma ku lura da abin da suka gane, wato yaron da ya miƙa da kansa ya fi saurin haƙura bisa wanda aka sace masa. A ce masa ka girma, gobe za mu kai wa kaka ta ajiye, ita kuma za ta ba ka kaza. In an ce za a ba shi, to a ba shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi tana cewa za ta ba shi wani abu, Annabi yana zaune a gidan, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. Ina wanda ke cewa kura ta cinye, ko dodo na bakin ƙofa zai kama mai kuka? Tsoron da aka shuka da dare don a sami barcin sa'a ɗaya, shi ne zai hana yaron fita fitsari shi kaɗai har ya shekara bakwai. Haka nan ban yarda da yanke kan robar da reza ba, kamar yadda wasu ke yi don ta daina daɗi, saboda ɓallin da ya gutsure yana iya sarƙe shi.

Zai yi kuka, kada in ruɗe ku. Galibi darare uku ko huɗu na farko su ne masu tsanani, kafin mako ɗaya ko biyu ya manta. A cikinsu a ɗauke shi, a goya shi, a ba shi ruwa a kofi, amma kada a mayar da robar a dare na biyu don tausayi, domin in an mayar, abin da ya koya shi ne kuka mai tsawo yana dawo da ita, gobe kuwa zai ninka. In ya koma tsotson yatsa, kada a ɗaure hannun, kada a shafa barkono. Galibin yara sukan bari da kansu tsakanin shekara biyu da huɗu, in ba a mayar da abin faɗa ba. Abin da nake roƙonku da girman Allah ku guje masa shi ne ɗura wa yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci. Ba mu manta ba, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan an ba su wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu da guba a ciki. Iyayensu ba su nufe su da kome ba sai sauƙi. Kwalbar da likita bai rubuta ba, kada ta shiga bakin yaro don neman shiru.

Saura ku, 'yan'uwana maza, da kuka yi tsit kamar ba da ku ake ba. Ayar da na ambata da farko ta sa ku cikin shawara, kuma wanda aka sa cikin shawara an sa shi cikin wahala. Kifin da ƙwan da gyaɗar da za su maye gurbin abin da aka karɓe, daga aljihunku za su fito. Mace da ta yi dare uku ba ta runtsa ba, ga surfe ga ɗiban ruwa da safe, ita ce ke miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro robar a dare na huɗu, musamman in daga ɗaya ɗakin ana ɗaga murya ana cewa a rufe wa yaron nan baki. Annabinmu yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Ba abin kunya ba ne magidanci ya saɓa ɗansa a kafaɗa ya zaga tsakar gida da shi, uwar ta sami barcin sa'a biyu. Iyayenmu kakanni, ku ma kada ku ce an daina yayinku, ku matso kusa a wannan mako, amma ku bar maɗacin a gida. Duk wadda kuma ta ga kunnen ɗanta yana ruwa, ko haƙoransa sun fara turowa, ko ƙafafunsa sun kumbura bayan yaye, kada ta jira ranar kasuwa, ta kawo shi asibiti gobe da safe, ta zo da katinsa na awo.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa su zama sanyin idanunmu.